WANKI DABAM, RINI DABAM

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin masu sha'awar kallon fim, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai, ko a teburin mai shayi, ko a majalisar ƙofar gida. Gardamar kuwa ita ce, in aka ɗauki tsohon fim aka sake yin sa, shin na biyun yana iya kamo ƙafar na farkon? Waɗanda suka ɗan manyanta ba su ko tsayawa tunani, sai su ce faufau, ai kama da wane ba ta wane, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Samari kuwa su ce ina, ai na yanzu ya fi, ga hoto tar, ga sauti raɗau, ga 'yan wasa sun iya ado. Ni dai a ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki, domin kafin a yanke hukunci ya kamata a fara sanin wane irin maimai aka yi wa fim ɗin. Wannan shi ne ɗan abin da nake so in yi tsokaci a kai, da fatan mai karatu zai ba ni aron hankalinsa.

Ni mutumin Karofi ne, ta ƙasar Dutsin-Ma a Jihar Katsina. Duk wanda ya san Hausar Katsinawa ya san karofi shi ne marina, watau wurin da ake rini. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in na ɗauko ma'aunina daga can. In riga ta tsufa, abu biyu ake yi mata. Ko dai a kai ta wurin wanki, a saɓa ta da sabulu, a shanya, a goge, ta dawo yadda take, sai dai ta ƙara koɗewa. Ko kuwa a kai ta karofi. A can marini zai jiƙa baba da toka a rami, ya bar su kwana da kwanaki yana motsawa har ruwan ya nuna, sa'an nan ya tsoma rigar, ya ɗago ta ta sha iska, ya sake tsomawa, ya yi ta yi har launin ya shiga kowane zare. Daga nan a kai ta mabuga. Ranar da mai ita ya sa ta, wanda ya san ta jiya ma sai ya tambaya ina aka saya. Zaren na da ne, ɗinkin na da ne, amma riga ta zama sabuwa. To, haka maimaita fim yake. Akwai na wanki, akwai na rini.

Ita kalmar wanki ma ba ni na ƙaga ta ba. 'Yan fim ɗinmu da kansu haka suke cewa in mutum ya zauna gaban fim ɗin Indiya ya kwashe labarinsa ya juya shi da Hausa, sai a ce wane ya wanko fim kaza. Abin kuwa yana da tushe mai nisa. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma daga wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 Kwarorin da ke da gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, suka tarar sun fi na Amurka karɓuwa. Daga baya gidajen talabijin suka shigar da su har cikin ɗakunan matan aure. Shaƙuwar ta kai har Kanawa suka raɗa wa 'yan wasan sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset, wanda ake ƙirgawa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, waɗanda suka shigo sana'ar yara ne da suka tashi da Indiya a ido. Ba a daɗe ba kuwa aka fara aro. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi diddigi sun nuna cewa Soyayya Ƙunar Zuci na 1995 daga Mujhe Insaaf Chahiye aka ɗauko shi, Abin Sirri Ne daga Judwaa, Mujadala daga Dillagi, Khusufi kuma daga Taal.

Aro ba laifi ba ne, maƙwabtaka ce ta kawo shi. Kuma akwai dalilin da ya sa Bahaushe ya ga kansa a madubin Indiya: ga auren dole, ga ikon iyaye a kan 'ya'ya, ga babban gida mai kakanni da jikoki, ga kunya tsakanin saurayi da budurwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane labari yana da ƙulli, ƙullin nan kuwa al'adar mutanen da suka yi labarin ce ta ɗaure shi. In ka ɗauko labarin ka baro al'adar a can, sai ƙullin ya kwance a hanya ba ka sani ba.

Alal misali, dubi labarin da Indiyawa suka fi so, na namiji ɗaya da mata biyu ke so. A wurinsu wannan tashin hankali ne na gaske, domin dokar aurensu ta 1955 ta hana mabiyin addinin Hindu ya haɗa mata biyu. Tilas ɗaya ta haƙura, ko ta mutu, ko ta ɓace, shi ya sa ake sa'a uku ana kuka. To, kawo wannan labari Kurfi ko Dutsin-Ma yadda yake. Tun ba a yi nisa ba wata tsohuwa daga bayan ɗaki za ta ce, “Shi kuwa yaron nan me ya hana shi ya haɗa su duka biyun ya huta?” Shi ke nan, labari ya mutu. Mai wanki ba zai lura da wannan ba, zai ci gaba da sa yarinya kuka a gindin fulawa. Marini kuwa ya san cewa a ƙasar Hausa rigimar ba ta ƙarewa ranar ɗaurin aure, ranar ma take farawa: rabon kwana, da ranar girki, da 'yan uba, da gado. Nan zai kai labarinsa.

Haka kuma batun dukiyar aure. A Indiya iyayen amarya ke biyan ango, har akan wulaƙanta yarinya in abin da ta zo da shi bai kai ba. Mu nan namiji ke ba da sadaki. Wanda ya kwafo wancan kai tsaye ya yi shirme. Amma wanda ya san gari zai tuna da kayan ɗaki da gara, ya tuna uban da ya sayar da gona ko shanun huɗa don kada a yi wa 'yarsa gori a gidan miji. Zafin iri ɗaya ne, wurin da yake ciwo ne ya bambanta. Ko shi Taal ɗin da aka ambata, wanda aka yi a 1999, gindin labarinsa shi ne ɗan masu kuɗi ya so 'yar mawaƙin ƙauye, danginsa suka ci mutuncin ubanta. Wane Bahaushe ne bai san yadda ake yi wa 'yar maroƙi ko 'yar makaɗi in ɗan babban gida ya zo neman aurenta ba? Wannan shi ne abin ɗauka a cikin fim ɗin. Rawar da ake yi a kan duwatsu cikin ruwan sama kuwa tasu ce, a bar musu kayansu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka in mutum ya ce mini fim ɗin wanki ba ya kamo na asali, ba ni da ja. Yaya za a yi ya kamo? Wancan an kashe masa dukiya mai yawa, an yi wata da watanni ana ɗauka, ga makaɗa ƙwararru. Kai kuwa ka zo da kyamara ɗaya da gidan aro a unguwar masu kuɗi kana so ka yi irin nasa sak. Ai tseren jaki da doki ke nan a filin doki.

Amma fa a nan ne nake rabuwa da masu cewa na farko kullum shi ne gaba. Tambayar da nake yi musu ita ce, wanne ne na farkon? Ɗauki Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka kalla har suka haddace, labarin Radha da 'ya'yanta da azzalumin mai ba da bashi da ya cinye musu gona. Mutane da yawa ba su san cewa maimai ne ba. Mehboob Khan, wanda ya shirya shi, ya riga ya yi wannan labari a 1940 da sunan Aurat. Bayan shekara 17, ƙasarsa ta sami mulkin kai, shi ma ya ƙara hankali, sai ya koma wa labarin ya sake tsoma shi. Yau ina wanda ke zancen Aurat in ba masu bincike ba?

Ɗauki Sholay kuma na 1975, mai Amitabh Bachchan da Dharmendra da mugun nan Gabbar Singh. Labarin ƙauyen da 'yan fashi suka addaba har aka ɗauko mayaƙa daga waje su kare shi, Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya yi shi tun 1954 da mayaƙa bakwai masu takubba. Amurkawa suka ɗauka a 1960 suka mai da su kaboyi bakwai masu bindiga. Da ya iso hannun Ramesh Sippy sai ya rage su suka zama ɓarayi biyu abokan juna, ya sa musu barkwanci da waƙa da soyayya, ya kawo tsohon ɗan sanda mai neman fansa, ya kawo bazawara mai farin tufafi wadda al'ada ta hana ta sake farin ciki. Wane Ba'indiye ne zai kalli wannan ya ce baƙo ne? Wannan shi ne rini. Sa'an nan a 2007 wani mai shirya fim, Ram Gopal Varma, ya sake yin Sholay ɗin da sunan Aag, har ya sa shi Amitabh ɗin ya fito a matsayin mugun. Ga kuɗi, ga manyan 'yan wasa, ga kayan aikin zamani, amma fim ya faɗi warwas, ya zama abin dariya a ƙasarsu. Bai zo da wata sabuwar magana ba, tsohuwar riga ya wanke.

Kada ma mu tafi nesa. Babu littafin da Bahaushe ke alfahari da shi kamar Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, aka buga shi littafi uku daga 1937 zuwa 1939. Sanannen abu ne cewa da yawa daga labaran da ke ciki daga littattafan wasu al'ummu ya samo su, kamar Alfu Laila na Larabawa da tatsuniyoyin Jamusawa, shi kansa akun mai ba da labari don ya tsare mutum a gida asalinsa daga Indiya yake. Dubi labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa wata kuku ce ta cinye kajin da maigidanta ya sa a gasa wa baƙo, sa'an nan ta haɗa su gudu da ƙarya. Imam ya san gidan talakan Bahaushe ba shi da kuku, sai ya mai da ita matar gida, shi kuma mijinta, ya ba su sunaye da halaye irin namu. Na karanta labarin nan tun ina firamare, na yi dariya har da hawaye, kuma da wani ya ce mini a lokacin ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba, da sai mun yi faɗa. Ko kakata da ke yi mana tatsuniya a tsakar gida, ba ta taɓa ba da labarin Gizo da Ƙoƙi iri ɗaya sau biyu ba. In ɗayanmu ya yi rowa da rana, da dare Gizo marowaci ne. In wani ya yi ƙarya, Gizo maƙaryaci ne. Ba wanda ya taɓa ce mata ta kawo na asalin.

Saura kuma wani nau'in maimai, watau mu ɗauki namu na da mu sake. A 2018 an sake yin Mujadala da sababbin 'yan wasa, Ali Nuhu ya ba da umarni. Da ya fito mun yi musu da ƙanena a kai. Ni na tsaya a kan cewa na wajajen 2000 ya fi, shi kuwa da ya nemo tsohon ya kalla a wayarsa, ko rabi bai kai ba ya ajiye. Ya ce, “Yaya, don Allah me kuka gani a nan? Hoto dishi-dishi, magana ba ta fita, kiɗan fiyano kamar na wasan yara.” Na ce masa, “Kai dai yaro ne, ba ka san daɗin fim ba.” Ya yi dariya ya ce, “To Yaya, ku da kuka sani, Allah ya bar muku.”

Har yanzu ina nan a kan bakata, shi ma yana kan tasa, kuma kowannenmu yana da hujja. Abin da ya gani a waya fim ne tsurarsa. Ni kuwa abin da nake tunawa ya haɗa da zauren da muke kallo, da bencin da muke matsuwa a kai, da ƙarar janareta a waje, da yadda mai gidan kallon ke fitar da kaset ya hura shi in ya sarƙe, mu kuwa muna ihu. Ya haɗa da 'yan kuɗin shiga da na tara daga tallan gyaɗa, da abokan da muka zauna tare, waɗansu suna Legas, waɗansu suna Kano, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Lokacin da Sangaya ya fito a wajajen 1999, waƙarsa ba gidan bikin da ba ta shiga ba, 'yan mata na daka suna yin ta. Wane mai shirya fim ne zai iya maido wa mutum wannan? Ashe in dattijo ya ce na da ya fi, sau da yawa ƙuruciyarsa yake yabo, fim ɗin ya ci albarkacinta ne. Ya kamata mai hukunci ya san haka, ya ware abin da ke na fim da abin da ke na zuciyarsa, kada ya ɗora wa yaran yanzu bashin da ba su ci ba. Su kuma masu sake tsofaffin finafinai su sani, in dai don su tayar wa mutane da tsohon tsumi ne kawai suke yi, to sun shiga kasuwar da ba riba, domin wanda ya ga na da ba zai gamsu ba, wanda bai gani ba kuwa ba ruwansa. Sai in sun tambayi kansu, me ya sauya a tsakanin samari da 'yan mata daga wancan lokaci zuwa yau? Da zance a ƙofar gida ake yi, ana aiken yaro ya yi sallama da yarinya, yau kuwa waya ta shiga har ƙarƙashin matashin kai. In labarin bai san da wannan ba, sabon hoto ba zai cece shi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda ya sa na ga maganar ta wuce hirar teburin mai shayi. Fim shi ne tatsuniyar yaran yanzu. Abin da suka gani a ciki shi suke ɗauka rayuwa. In kullum abin da ake nuna musu shi ne gidan bene da mota da lambun fulawa, da mutane masu sunan Hausawa amma halinsu na wata ƙasa, to a hankali yaron Karofi zai ɗauka cewa rayuwar gidansu ba ta isa a ba da labarinta ba. Alhali kuwa labarin yana nan a ƙofar gida. Ka tuna abin da na ce game da Sholay da kakanninsa na Japan da Amurka: manoma sun yi noma, 'yan fashi sun fito daga daji sun kwashe amfanin, hukuma ta yi nisa, dattawan gari sun zauna suna shawarar ko a biya, ko a gudu, ko a tsaya. Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, a 'yan shekarun nan wannan ba a silima muka gan shi ba. Mun ga garuruwan da aka kora wa shanu, mun ga gonakin da aka bari ba shuka, mun ga mata da yara sun kwana a makarantun firamare na cikin gari. A Disamban 2020 an kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. Wanda zai ɗauki wancan tsohon labari ya tsoma shi a wannan ruwa, ya nuna mai unguwa da liman da ɗan sa-kai, ya nuna uwar da ɗanta ya bi 'yan daji da uwar da aka kashe wa nata, su biyun kuwa rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, to wannan ba wanda zai tambaye shi daga ina ya aro. Japanawa ma da suka fara, in sun gani sai sun tsaya sun kalla.

To, mai karatu, ga amsata a taƙaice. Na biyu yana iya kamo na farko, har ma ya wuce shi, kuma Mother India da Sholay da Magana Jari Ce sun isa shaida. Amma ba ya kamo shi ta hanyar kama da shi. Wanda ya tsaya kwaikwayon tafiyar wani, kullum a bayansa yake. Sharaɗin shi ne mai maimaitawa ya san mutanensa fiye da yadda ya san fim ɗin da yake arowa, ya san abin da ke sa su dariya, da abin da ke hana su barci, da abin da ba su iya faɗa a gaban surukai.

Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai masu nazarin Hausa, musamman masu sha'awar rubutun wasan kwaikwayo, shi ne kada mu tsaya zagin 'yan fim daga nesa. Zagi ba ya rina riga. Mu ne aka koya wa al'ada da adabi, mu ne muka fito daga ƙauyukan da labaran suke. Mu kalli na Indiya, mu kalli na Amurka da na Japan da na kowa, mu ɗauki abin da ya yi mana, amma in mun tashi rubutu mu tabbata baban da tokar na gida ne. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu dace. Haza wasalam.